Ranar da Muka Haska Injin Baba

Mahaifina direban babbar mota ne, kuma a duk tarkacen da ya taɓa kwasowa daga Damagaram babu marar amfani kamar injin wasan nan. Teburi ne mai murfin gilashi da allo tsaye daga can gaba. Ka harba ƙwallon ƙarfe, ka yi ta danna maɓallai biyu don kada ta faɗa rami. Da aka fara Shari'a sai ya sa aka toshe ramin kwabbai, kada a ce caca ake yi, ya janye shi daga zaure zuwa ɗakinsa.

Inna, mahaifiyarmu, ba ta taɓa ƙaunar injin ba. Ta ce ya cinye wurin buhun gero biyu, ga ƙara.

Bayan Baba ya ajiye tuƙi idonsa ya fara rauni, ƙwayayen fitilun injin kuma suka yi ta mutuwa. Na allon ma tun kafin in yi wayo a mace suke, datti ya rufe shi baƙi ƙirin. Wata la'asar na tarar da shi tsaye, yatsunsa a kan maɓalli, ƙwallo ta wuce bai ganta ba. Tausayinsa ya kama ni, don wasan nan kaɗai ya rage masa.

Na je shagon wani Ibo mai kayan babur a cikin Daura, muka yi ta gwaji har muka dace da ƙananan ƙwayayen LED irin na adon acaɓa. Na wuni ina sawa, na goge allon tas. Da aka kawo wuta na kira kowa.

Ɗaki ya haske. Baba ya harba, ya tare, ya sake tarewa, yana dariya kamar yaro. Sai muka ɗaga kai. Ashe hoton wata Baturiya ne a allon, kwance a bakin teku, abin da ke jikinta bai kai hankici ba.

"A'uzu billahi!" in ji Baba. "Wannan tun yaushe take nan?"

"Kai za a tambaya, Malam," in ji Inna, ta fice.

Jikoki na shiga ɗakin nan, liman ma nan yake zuwa gaishe shi. Baba ya zauna bakin gado ya ce in kashe, gobe a fitar da injin. Ya faɗa ne ba tare da ya dube ni ba.

Ina laluben soket sai ga Inna da almakashi da zaninta na atamfa, wanda take ji da shi. Ta auna allon da ido, ta yanka.

"Riƙe nan, mu ɗaura wa baiwar Allah zani," ta ce da ni. Sannan ta juya wajen Baba. "Kai kuma tashi, ƙwallonka na jira. Yaushe rabon da in ji dariyarka?"