Ranar da na daka wa Kawu tsawa a hanyar Mirriya

Shekarun baya ne, don haka idan na cuɗa wani abu da wani a yi mini uzuri. Tsoron dai ban manta shi ba.

Lokacin ban daɗe da gama jami'a ba, kuma sabon shiga nake a tuƙi. Mahaifiyata za ta je gaisuwar rasuwa Mirriya, yayana mai motar ba ya gari, sai aka ce in kai ta. Kawuna, wan mahaifiyata, ya zauna gaba. A gidanmu ba a musu da Kawu. Bai taɓa tuƙi ba, amma tun daga unguwarmu ta Zango yake koya mini.

Da za mu dawo, dangi suka cika bayan motar da buhunan gero. Na ga motar ta zauna saboda nauyi, ga tayoyin sun kwana biyu, ga rana ta take. Na so in yi magana, amma kyautar dangi ba a mayarwa.

Muna tsakiyar hanya na ji ƙara kamar bindiga. Tayar baya ce ta fashe. Motar ta fara lilo, ga babbar mota tana tahowa a ɗaya hannun.

"Taka birki, ɗan lakwal!" in ji Kawu, don haka yake kiran ɗan boko.

Ƙafata har ta ɗaga da kanta, don ta saba bin umarninsa. Sai dai malamin da ya koya mini tuƙi ya sha faɗa mini cewa birki a irin wannan hali shi ke kifar da mota. Na ƙanƙame sitiyari da hannu biyu, na miƙe kan motar, na riƙa sassauta mai a hankali. Sai na ga Kawu ya kai hannu ga birkin hannu.

"Kawu, ɗauke hannunka!"

Ya ɗauke. Babbar motar ta wuce, gudunmu ya ragu, sannan na taɓa birki kaɗan kaɗan har muka tsaya a gefen kwalta. Wasu masu amalanke suka zo suka taya mu sauke geron.

Mahaifiyata ta gama salatinta, ta ce, "Ka sauke mu lafiya, Allah ya yi maka albarka. Saura ka ba kawunka haƙuri."

Na durƙusa. Kawu ya daɗe yana kallon tayar, ya ce, "Tashi. Gobe kai za ka kai ni unguwar Kara-Kara."

Ba zan ce na ƙware ba, wataƙila rabon shan ruwa ne a gaba. Amma har yau idan na tuna, ƙirjina yakan cika. Sau ɗaya na ƙi bin maganar babba, kuma mahaifiyata ta kwana a ɗakinta.

Yanzu Kawu yana ba da labarin cewa shi ya hana ni taka birki. Ni ba haka na ji ba. Masu amalanken da suka taya mu sauke geron, ko duk wanda ya ji yadda aka yi a ranar, don Allah ya aiko mini da gyara. A ɓoye dai, kada Kawu ya gani.