Tabaran Gwaggo

Tsiyayar kunu na ji a ƙasa, ɗal-ɗal-ɗal, ina tsakiyar tankaɗe. Na leƙa ɗakin surukata, wadda nake kira Gwaggo, sai na tarar tana zuba kunu a gefen kofi, kofin kuwa wayam. Kwananta tara ke nan da dawowa Bukkuyum daga aikin ido. An cire mata yana, aka ba ta wani tabarau mai kauri kamar gindin kwalba.

Ta zare shi ta tura ƙarƙashin matashi.

"Wanga abu maƙaryaci na," in ji ta. "Ya ce kofi na nan, ashe yana can. Jiya ya ce mani dokin ƙofa ya iso, na ɗaga ƙafa na taka iska. Na yafe. Duhuna bai taɓa kada ni ba."

Na san Gwaggo, in ta ce ta yafe, ta yafe. Ba tabarau kuwa ba gani, inuwa kawai. Ɗiyata ta fari tana shekara biyar a lokacin, an haife ta bayan yana ta rufe idon tsohuwar. Kullum suna tare, suna tsokanar juna, amma Gwaggo ba ta taɓa ganin fuskar yarinyar sosai ba. Wannan ya hana ni sakat.

Ina alwalar azahar, na ga yadda yatsuna suka gajarce cikin ruwan kwano, sai darasin wani malaminmu na sakandare a Gummi ya faɗo mini. Allah Sarki, ban taɓa zaton zai yi mini rana ba. Bayan salla na ciko roba da ruwa, na jefa ƙwallon dabino a ciki, na lallaɓa ta ta mayar da tabaran.

"Gwaggo, tsokano mini shi da tsinken nan."

Ta auna daga gefe, ta soka, tsinken ya wuce ta samansa. Na ce ni ma bari in gwada. Na soka, na kuskure.

"Ke ma aikin ankai miki?"

Muka yi dariya. Na ce mata haske tafiya yake yi, kuma saurinsa ba ɗaya ba ne ko'ina. A iska ya fi gudu, in ya shiga ruwa sai ya rage, a gilashi ya ƙara ragewa. Wurin sauya gudun nan ne yake karkacewa.

"Kin san amalanken shanu a hanyar Nasarawa Burkullu? In ƙafa ɗaya ta riga faɗawa yashi, ai sai ya juya gefen."

"Ni za ki koya wa amalanke? 'Yar boko!"

Amma ta ƙura wa robar ido. Can ta ce tun suna 'yan mata, in sun je wanki gulbi, iyaye kan ja musu kunne cewa ruwa ya fi yadda ido ke ganinsa zurfi. Ba wanda ya bar zuwa gulbi don haka, ƙafa ce ke koyo. Lallai ta faɗa fiye da yadda zan iya.

Muka soma da tsintar wake. Ranar farko ta fi tsinto wake mai kyau ta yar, ta bar tsakuwa. Ta zagi tabaran, ta zagi waken, ta yi istigfari. Na shafa farar ƙasa a dokin ƙofa, kullum da hantsi mu tsallake shi tare sau bakwai, hannunta a kafaɗata. Wata rana ta yi tuntuɓe, tabaran ya koma ƙarƙashin matashi har kwana biyu. Addu'a kawai na yi ta yi.

Rana ta uku ina gyaran miya na hango ta mayar da tabaran, na ji ta kira jikarta. "Ke ƙawata, zo nan gaban haske. Tsaya cik, kar ki motsa." Ban fita ba, na bar su. Sun daɗe a ɗakin, har miyata ta soma kamu.

Sai ga yarinyar da gudu, ta turo baki, idonta na dariya.

"Inna, Gwaggo ta ce ashe muryata ta fi ni kyau. Kuma ta riƙe mani fuska tana kuka, ta ƙi saki."