Farin Idon Ɗiyar Fari

Har yau ban manta da ranar da wata tsohuwa ta shigo likitarmu, ƙaramin asibiti ta wajen Safo, da jikanyarta a goye ba. A tsakiyar shekarun casa'in ne, farkon damina, shekarata biyu da fara aikin jinya. Ku da kuka samu waya a aljihu ba za ku gane ba. A lokacin, kafin a tura marar lafiya Maradi sai da takarda mai hatimin majo, wato shugaban ma'aikatan wurin. Namu majon kuwa ya riƙe hatimi kamar da shi aka haife shi.

Yarinyar ba ta cika shekara biyu ba. Da na haska mata tocila, sai tsakiyar idonta na hagu ya yi fari fat yana ƙyalli. Na tambayi tsohuwar tun yaushe. Ta ce ita shekaranjiya ta gani, amma uwar ta lura tun kafin azumi. Ɗiyar fari ce, uwar ko sunanta ba ta kira, balle a ji ta a gaban surukai tana cewa ɗiyarta ba lafiya. Wata huɗu tana haɗiye maganar. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma na rasa wanda zan yi wa faɗa.

Majo ya leƙa, ya ce yanar ido ce, a ba da maganin shafawa, a jira masu aikin ido su zo bayan girbi.

Ni kuwa na tuna darasin wani likitan ido a makaranta. Kowace ƙwayar jiki tana da abin da ke hana ta hayayyafa barkatai, kamar dabaibayi a ƙafar jaki. Biyu ne, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Wani yaron akan haife shi ɗayan ya riga ya tsinke ta gado. In na biyun ya bi, sai ƙwayoyin cikin ido su yi ta ninkuwa, su zama ciwon daji, su bi jijiya har ƙwaƙwalwa. Irin wannan ba ya jiran girbi.

Na leƙa waje, ga uban a bakin amalanke, ido ɗaya gare shi. Kowa a garin ya san Malam Idi haka, kuma ba wanda ya taɓa tambayarsa dalili, don yin tambayar rashin ta ido ne. Na durƙusa na gaishe shi, na tambaya. Ya ɗaure fuska ya kau da kai. Tsohuwar, mahaifiyarsa, ita ce ta ce yana ƙarami aka cire masa a wani asibiti tsallaken iyaka, shi ma da irin wannan farin ya fara.

Na koma na faɗa wa majo. Ya ce yaushe na zama dokotoro.

Na ce, "Majo, in ba ka buga hatimin nan ba, ni da ƙahwata zan tahi Madarumfa in gaya ma babban likita."

Ya ce, "Tahi. Amma ki san da wa kike."

Na rubuta bayanina na sa hannu, na hau amalanken Malam Idi muka tafi da yarinyar. Babban likita ya duba, ya tura su Maradi, daga can aka wuce da su Yamai. An cire idon, aka ce a riƙa kai ta ana duba ɗayan.

Ni kuma na sha takardar neman bayani kan barin aiki ba izini, aka jefa ni wani ƙauye mai nisa. Tsohuwar ta yi ta yawo da ni cewa na kai jikanyarta an ƙwaƙule mata ido. Ban ba kowa haƙuri ba, kuma ba zan bayar ba. Yarinyar tana nan, ta yi aure, duk abin da ta haifa tun ranar suna ake kai shi a duba.

Abin da na koya shi ne mutanenmu ba sa ƙin 'ya'yansu, kunya ce ke rufe musu baki, mu ma'aikata kuma tsoron na gaba. To ku yi tambayar da ba a yi. Gara a ce ba ku da kunya da a ce ku zo gaisuwar mutuwa.