Malam Habu ya kori namu

Ina shago nan Fatakwal ƙanena ya turo min bidiyo daga Gwale. An lallasa kwalejinmu a wasan hoki, wato ƙwallon sanda, ga kuma abokaina uku sun cusa kai cikin masu murnar ɗaya kwalejin.

Malam Habu, jagoran magoya bayansu, ya tare su.

"Ba ku na gani a wancan ɓangaren ba?"

"Mun tuba, Malam."

"Ku koma ku ɗaukar wa yaranku sandunansu. Bara da kuka ci mu, ni na rungumo namu a ƙafa har Ƙofar Dawanau."

Har gobe ba na ƙaunar kwalejinsu, amma yau na kira shi na gaishe shi.

'Yan ɓangarenmu, wa ya tsaya ya ɗauki sanda jiya?