Masu Amshi

Kakata ba ta taɓa yarda ta yi wa yara biyu tatsuniya ba. Daddawa take yi a gidanmu na Tudun Ƙofa, kalwa kuwa ba ta dahuwa da wuri, don haka bayan magariba wuta na nan tana ci a gindin tukunya. Ni da ƙanwata mu tsuguna mu zuba mata ido. Sai ta harare mu.

"Ku biyun nan ne za ku yi mini amshi? Da wane bakin? Tashi, ɗan nema, ka kirawo mini yaran layi."

Haka zan bi gida-gida. 'Ya'yan malamin firamare su zo, na mai wanki su zo, har da wata yarinya 'yar ƙabilar Mada da Hausarta ba ta gama nuna ba. Kaka ba ruwanta, in dai kana da baki ka samu wurin zama. Ta gyara itace, ta ce, "To, ga ta nan ta iso ƙofa." Mu haɗa baki mu ce ta shigo mu ji ta.

Wadda ta fi yi mana ita ce ta wata zabiya da ke waƙa a bakin kasuwa, kowa na yi mata amshi. Wani attajiri ya ji muryarta, ya ɗauke ta ya kai gidansa, ya zagaye da katanga, ya ce ba mai shiga sai ya kawo rago. Masu raguna suka shigo suka hakimce. Zabiya ta jefa baitin farko, ta saurara. Shiru. Ashe amshin ne ke tuna mata baiti na gaba. A nan Kaka kan buɗe baki ta daskare kamar wadda tuwo ya ƙona, mu kuwa mu yi ta birgima don dariya.

"Ku yi dariyarku," in ji ta. "Ita dai haka ta tsufa da baiti ɗaya."

Shekara da shekaru na ɗauka labarin marowaci ne kawai. Yanzu ina koyar da wasan kwaikwayo a jami'a, nan Keffi. Bara wata ɗalibata, Rahila, 'yar Garaku, ta shirya wasanta na kammala karatu, ta ɗora shi kacokan a kan waƙar da 'yan kallo za su amsa. A ɗakunan kwanan ɗalibai ta yi ta gwaji, har waƙar ta zauna a bakin kowa. Sakamakonta na shekarar ƙarshe a kan wannan wasan yake.

Sai masu kula da zauren suka yanka kuɗin shiga, wai saboda man janareta. Ɗalibin da ke jiƙa garin rogo da rana ina zai samu? Na taka ofis-ofis ina roƙon a sassauta wa ɗalibai, ko a bar musu kujerun baya. Kowa ya ce, "Malam, a yi haƙuri, ka san yanayin." Na yi haƙurin. Wallahi ko haushi ban ji ba, gajiya ce kawai.

Ranar wasan, manyan baƙi suka cika layin gaba, kowa da wayarsa a hannu. Bayansu kujeru wayam. Ɗalibai sun yi cirko-cirko a waje, mai gadi ya kora su can bakin titi, ya ja ƙofa.

Rahila ta fito ta jefa baitin farko, ta miƙa hannu ga zauren. Ba a ji komai ba sai ƙugin janareta. Ta sake jefawa. Ni da ke zaune cikin masu ba da maki, doka ta hana in buɗe baki. Na ga ta dubi ƙofar. Daga nan ta rage murya ta yi wa kanta amshi, ta wuce baiti na biyu. Haka ta yi ta yi, ita ce jefawa ita ce amsawa, har wasan ya ƙare.