Kanwar Kaka a Kwalabena

A shekarar da damina ta biyu ta wuce ba ta bar mana ko dami ba, ina ajin ƙarshe a jami'a, aka ba ni aikin bincike a kan teku. Ban taɓa ganin teku ba. Ruwa mafi faɗi da na sani shi ne gulbin Sabon Birni, shi ma a lokacin ya koma yashi, jakuna na tafiya a tsakiyarsa.

Abin da na karanta shi ne, hayaƙin injuna yana hawa sama, teku yana shanye wani kaso nasa, sai ruwan ya ɗan yi tsami. A cikin ruwan akwai halittu ƙanana da ido ke kamawa da ƙyar, su ne abincin 'ya'yan kifi. Idan tsamin ya ƙaru, ɓawon wasu yakan yi laushi, ƙwan wasu ya ƙi ƙyanƙyashewa, waɗanda suka fito kuma su tsumbure. Wasu kuwa ko a jikinsu. Nakan rufe littafi in yi ta tunanin su suna lilo a cikin shuɗin da ban sani ba.

Malamina ya yarda in gwada da danginsu na ruwan daɗi. Da hutu ya zo na koma ƙauyenmu kusa da Tsamaye, na ɗebo su daga ɗan ruwan da ya rage a tafki, na raba a kwalabe. Rabin kwalaben na ɗiga musu ruwan tsamiya na ɗaura musu jan zare, rabi na bar su haka. Na san tsamiya ba hayaƙi ba ce, amma ita nake da ita. Ba wannan aikin, ba kammala karatu.

A ɗakin kakata na jera su, gefen randa, don ya fi sanyi. Kullum da safe takan same ni da madubin ƙara girma, ta ce malama ta fito kiwon ƙwarƙwata, Fulani na neman inda za su shayar da shanu ita tana shayar da abin da ba nono ba nama. Na yi mata bayani. Ta tambaye ni yadda ruwan gishiri zai yi tsami, kuma in har akwai ruwa mai yawa haka a duniya, me ya tsare shi can.

Sai suna ya kama a gidan yayata a Isa. Na ce wa kaka za ni in dawo, kada kowa ya taɓa kwalaben.

Da na dawo na tarar ruwan duka ya yi fari-fari. Kaka na zaune tana kaɗi. Ta ce ta ɗanɗana na mai jan zare, ya kashe mata haƙora, sai ta jiƙa kanwa kamar yadda take yi wa yakuwa. Sauran ma ta ɗan zuba musu, don kada a yi bambanci.

"Ke da bakinki kin ce tsami na kashe ɗiyansu," in ji ta. "In zauna ina kallo, ɗiyar nan?"

Na kasa fushi, na kasa dariya. A yawancin kwalaben halittun sun kwanta a ƙasa kamar tsaki. A guda ɗaya, mai zare, 'yan kaɗan na tsalle. Kanwar ce ta cece su, ko da ma tsamin bai dame su ba? Har yau ban sani ba.

Na ɗauki bokiti na nufi tafki in sake farawa. Ba ruwa. Laka ce ta tsattsage, da sawun shanu da ya bushe a kai. Na daɗe a tsaye kafin na tuna na taɓa karanta cewa irin waɗannan halittun sukan bar ƙwai a laka, ya jira ruwa komai daɗewa. Na ɓamɓaro dunƙule guda. Kaka ta jiƙa mini shi a kwalba da ruwan butar alwalarta, ba ta yi tsokana ba ranar.

Haka na koma makaranta da wannan kwalba ɗaya a cinya. Duk hanya ina ɗaga ta wajen tagar mota ina duba. Akwai abin da ke motsi a ciki, amma na kasa rarrabewa ko rai ne, ko laka ce motar ke girgizawa.