Baffa Yero da Yelwa ta Farko

Duk wanda ya taɓa sayen goro a layin Hausawa na kasuwar Ogbete ta Inugu ya san Baffa Yero, in kuma ya ɗan daɗe a gaban tirensa, to ya san ra'ayinsa a kan Yelwa. Rumfata ta albasa manne take da tasa, don haka na sha wannan karatu har na haddace.

Yelwa zabiya ce a wani labari da 'yan fim suka yi har sau uku. Mijinta ya tafi ci-rani kudu bai dawo ba, ita kuma kullum sai ta zauna a bakin tasha da shantunta tana yi masa waƙa. An fara yin fim ɗin tun zamanin kaset, aka sake shi da faifan sidi ya shigo, kwanan baya kuma aka mai da shi mai dogon zango na kallo a waya. Kowanne da 'yar wasan da ta fito a Yelwa.

Baffa mutum ne mai sanyi. Tun yana saurayi ya zo Inugu, a nan ya koyi Ibo, a nan ya yi furfura, ban taɓa jin ya ɗaga wa mai ciniki murya ba. Amma ka ce Yelwa ta biyu ko ta uku ta fi, sai ka ga ya ajiye goron da yake yayyafa wa ruwa ya gyara zama.

Ta biyu, in ji shi, rawa ta zo yi. Matar da mijinta ya ɓata ina ta ga natsuwar canza atamfa a kowane baiti? Ta uku kuwa ya yarda kyakkyawa ce, kuma ta iya kuka, sai dai tun kafin a buga shantu ta fara zubar da hawaye, kamar mai yankan albasata. Idan muka tuna masa cewa dukansu motsa baki kawai suke yi, muryar ta wata ce, sai ya ce ya sani, ai a yadda mace ta ɗauki muryar aro ake gane gwana. Daga nan sai ya zo kan ta farko, murya ta yi ƙasa. Ya ce a baitin ƙarshe, inda take kiran sunan mijin, sai numfashinta ya sarƙe, ta kai bayan hannu ta rufe baki, ta yi 'yar dariya don kunya, sannan ta ƙarasa. Wannan 'yar dariyar, a cewarsa, ba a sake yin irinta a fim ba.

Ba mai iya musa masa, domin na farkon ya ɓace. Kaset ɗinsa ruwan sama ya cinye shi shekarar da kwanon ɗakinsu ya yaye, kuma Sagiru mai tura fina-finai a waya ya ce ko a Kano da wuya a samu.

Mu muna tsokanarsa, muna ce masa angon Yelwa. Sai wata ranar da kasuwa ta yi sanyi ya gaya mini abin da ke cinsa. Da marigayiya Bashira, matarsa, suke kallon kaset ɗin duk Lahadi da rana, tana gefensa tana tsintar shinkafa. Ba ta son hoto, wanda ta bari ɗaya ne, na katin zaɓe, wanda bai yi kama da kowa ba. Ya ce fuskarta ta fara kuɓuce masa, yakan rufe ido ya nema sai ya ga ɗankwali kawai. Yana ganin in ya sake kallon fim ɗin, ranakun nan za su dawo masa da ita. Wallahi ranar tausayinsa ya hana ni cin abinci.

Daga nan na shiga cigiya. 'Yarsa Munira da ke aure a Anacha ta tambayi tsofaffin Kasuwar Relief, aka ce akwai wani Na'Allah a Borokiri ta Fatakwal da ya taɓa yin shagon hayar kaset, kuma ba ya zubar da komai. Wani direban motar doya ya karɓo mana kaset ɗin daga wurinsa, Sagiru ya kai aka juye shi a waya.

Bayan la'asar muka taru a rumfarsa, har da masu okada. Hoton ya dushe, sautin na shiii. Baffa ya riƙe wayar da hannu biyu. Yelwa ta farko ta fito, siririya, ba kwalliya, kuma gaskiya ta fi sauran natsuwa. Aka zo baitin ƙarshe, ta kira sunan mijin, ta ƙarasa waƙarta sumul tana kallon hanya. Ba ta rufe baki ba, ba ta yi dariya ba.

Baffa ya ce a mayar baya. Aka mayar. Sagiru ya ce ko an yanke wurin ne, amma kowa ya ga ba yanka, waƙar a haɗe take.

Baffa ya ɗago kai daga wayar. Can ya ce, “Bashira ce. Ita ke bin waƙar. In an zo nan sai ta ga ina satar kallonta, ta rufe baki.”

Masu okada suka zame ɗaya bayan ɗaya. Na miƙa hannu zan karɓi wayar, ya girgiza kai.

“Sagiru, sake sa mini daga farkon waƙar.”

Da shantu ya fara, sai Baffa ya kifa wayar a kan ganyen goro, ya bar sautin kawai, ya juya yana kallon gefensa na hagu, inda babu kowa sai buhun albasata.